Stephon Marbury: yaya wanda aka yi wa ihu a New York ya zama gwarzo a Beijing?

"Assalamu alaikum Koci. Na ga hoton wani mutum-mutumi a birnin Beijing, aka ce na wani Ba'amurke ne ɗan ƙwallon kwando, Stephon Marbury. Da na bibiyi labarinsa sai na ga wai a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, rabuwar baram-baram suka yi da ƙungiyarsa, har mutanen garinsu suna yi masa ihu a fili. To yaya wanda ya gaza a gida zai je ƙasar wasu ya zama gwarzo? Gasar ta Sin ce ba ta da ƙarfi, ko shi ne ya canja? Kuma duk wanda ya bar NBA ya tafi waje, ya faɗi ke nan?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka haɗa a wuri ɗaya: me ya ɓata wa Marbury suna a Amurka, me ya gyara shi a ƙasar Sin, sannan ko fita waje alamar ƙarewar ɗan wasa ce. Bari in fara ba ka matsayata kafin in kawo hujja. Gasar Sin ba ta kai NBA ba, wannan ba abin musu ba ne. Amma rauninta kaɗai bai isa ya bayyana abin da Marbury ya yi ba, domin akwai waɗanda suka fi shi suna da suka je can suka dawo ba su tsinana komai ba. Abin da ya bambanta shi da su shi ne ya tarar da ƙungiyar da ke buƙatar irin wasansa daidai wa daida, kuma ya zauna ya yi haƙuri da wurin har wurin ya karɓe shi.

Daga Coney Island zuwa NBA

An haife shi a 1977 a Brooklyn, a unguwar Coney Island ta birnin New York, unguwar talakawa mai dogayen gidajen gwamnati. Yayyensa maza sun buga ƙwallon kwando a jami'o'i amma babu wanda ya kai NBA, saboda haka tun yana ƙarami aka ɗora masa burin gidan gaba ɗaya. Ya yi makarantar sakandare ta Abraham Lincoln, ya buga shekara ɗaya a jami'ar Georgia Tech, sannan ya shiga zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA a 1996. Zaɓen wannan shekara yana cikin mafi albarka a tarihin gasar: Allen Iverson aka fara ɗauka, Marbury na 4, Ray Allen na 5, Kobe Bryant na 13, Steve Nash na 15. Milwaukee ce ta zaɓe shi, a daren ta yi musayarsa da Ray Allen, ya wuce Minnesota.

Matsayinsa a fili shi ne mai rarraba ƙwallo, wato wanda ke ɗauko ta daga baya, ya kira tsarin da za a buga, ya raba wa 'yan'uwansa. Tsayinsa mita 1.88, gajere ne a ma'aunin NBA, amma yana da faɗin ƙirji da ƙarfin ƙafa. In ya sunkuyar da kafaɗa ya nufi kwando, mai gadinsa sai dai ya bi shi a baya. A shekara 13 da ya yi a NBA, matsakaicinsa a kowane wasa maki 19.3 ne da fasin da ya zama ci 7.6. Sau biyu aka zaɓe shi wasan taurari, a 2001 da 2003. Shi ya sa ba na yarda a ce ya gaza. Dubban yaran da ke buga ƙwallo a jami'o'in Amurka ba su ko ga ƙurar irin wannan ba.

Inda aka fara samun matsala

A Minnesota ya haɗu da Kevin Garnett, dukansu matasa, kuma a shekararsa ta farko ƙungiyar ta shiga zagayen fidda gwani karo na farko tun da aka kafa ta. Kowa ya ɗauka an samu 'yan biyun da za su yi shekara goma tare. Sai ga maganar kuɗi. A 1997 Garnett ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 126 na shekara shida. Bayan rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa da ya cinye kusan rabin kakar 1998 zuwa 1999, aka kafa sabuwar doka da ta sa wa albashi iyaka, ta yadda mafi yawan abin da Marbury zai iya samu bai wuce kusan miliyan 71 ba. Jaridun lokacin sun yi ta rubuta cewa wannan tazara ta tsaya masa a rai, shi kuma ya nuna yana son komawa kusa da gida. Ya ƙi sabunta kwantiragi, a Maris na 1999 aka tura shi New Jersey.

Daga nan wani abu ya riƙa bin sa wanda ya fi kowace rigima ɓata masa suna: duk inda ya bari, sai ƙungiyar ta gyaru. A kakarsa ta ƙarshe a New Jersey sun ci wasa 26 cikin 82. Aka yi musayarsa da Jason Kidd a 2001, kaka ta gaba suka ci 52, suka kai wasan ƙarshe na NBA shekara biyu a jere. Phoenix ta rabu da shi a Janairun 2004, ta ɗauko Steve Nash bayan 'yan watanni, ta tashi daga cin wasa 29 zuwa 62. Ka lura, duka biyun da suka gaje shi masu rarraba ƙwallo ne da suka fi damuwa da ciyar da wasu fiye da cin makinsu.

Adalci ya sa in ƙara da cewa wannan lissafin bai faɗi gaskiya duka ba. New Jersey ɗin da Marbury ya buga wa rauni ya yi mata yawa, kuma shekarar da Kidd ya zo wasu sun warke, an kuma ƙaro sababbi. Phoenix ɗin Nash tana buga sabon salo mai gudu a ƙarƙashin koci Mike D'Antoni. Amma mai kallo ba ya bin wannan ƙididdiga. Abin da ya gani shi ne mutum mai yawan maki wanda bai taɓa jagorantar ƙungiya ta tsallake zagayen farko na fidda gwani ba.

Wannan matsala na san ta a filin da nake horar da matasa. Yaro ne zai zo daga unguwarsu inda shi ne komai, ƙwallo a hannunsa take kwana take tashi. Idan ka haɗa shi da wasu ƙwararru huɗu, sai ka ga yana buga ta ƙasa yana jira, dogon da ke ƙarƙashin kwando ya ɗaga hannu ya gaji ya sauke, na gefe ya daina gudu don ya san ba za a ba shi ba. A ƙarshe yaron zai ci makinsa ashirin, a kuma cinye mu. Abin da nake yi a atisaye shi ne in hana shi jefa ƙwallo a kwando har sai kowane ɗan ƙungiyarsa ya taɓa ta. Da farko za ka ga ransa ya ɓaci, yana cillar da fasin kamar an tilasta masa. Daga baya sai ya gano cewa idan dogon ya ci biyu a jere, masu gadi suna komawa kansa, shi kuma hanya ta buɗe masa fiye da da. Yaro ɗan shekara goma sha shida yana koyon wannan cikin 'yan watanni. Mutumin da ake biya miliyoyin daloli, wanda tun yana firamare ake ce masa shi ne zai ceci gidansu, koya masa ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Shekarun New York

Zuwansa New York Knicks a 2004 cikar buri ne, ƙungiyar da ya taso yana goyon baya. Nan kuma komai ya lalace. A wannan shekarar ya je gasar Olamfik ta Athens da tawagar Amurka da ta ƙare da tagulla, abin da Amurkawa suka ɗauka abin kunya, duk da shi ya ci maki 31 a kan Sifaniya ya kai su zagayen kusa da na ƙarshe. Kocin tawagar, Larry Brown, shi ya zo ya karɓi Knicks a 2005, suka yi ta musayar magana a jaridu, ƙungiyar ta ci wasa 23 kacal a kakar. Ya kuma samu saɓani da Isiah Thomas, mutumin da ya kawo shi. A Disambar 2007 mahaifinsa ya kamu da ciwon ƙirji yana kallon wasansa a Madison Square Garden, filin wasan Knicks, aka kai shi asibiti, ya rasu a daren. A kakar 2008 zuwa 2009 ana biyan sa sama da dala miliyan 20 amma ko minti ɗaya bai buga wa Knicks ba, har aka ce ya daina zuwa wurin ƙungiyar. A Fabrairun 2009 suka rabu, ya ƙarasa kakar a benci a Boston.

A cikin waɗannan shekarun ne ya fito da takalmin wasa mai suna Starbury, a 2006, ana sayar da shi dala 14.98 a lokacin da takalman taurari ke haura dala ɗari, kuma shi da kansa yake sa shi a wasannin NBA. Ya yi hakan ne don 'ya'yan talakawa irin na unguwarsu. Ina ambata wannan domin mutumin da jaridu suka zana a matsayin mai son kansa yana da wata fuskar da ba a cika nunawa ba. Kamfanin da ke sayar da takalmin ya karye a 2008. A bazarar 2009 ya yi ta fitowa kai tsaye a intanet na tsawon sa'o'i, yana kuka yana maganganu, mutane suna dariya. Bayan shekaru shi da bakinsa ya ce yana cikin matsanancin ciwon damuwa a lokacin. Duk wanda ya kalli waɗannan hotuna da idon tausayi zai ga mara lafiya ne da ke buƙatar taimako.

Abin da ya tarar a Sin

A Janairun 2010 ya sauka a Taiyuan, birnin kwal da masana'antu, ya buga wa ƙungiyar Shanxi. Wani ɓangare na dalilin tafiyar kasuwanci ne, yana son farfaɗo da takalminsa a ƙasar da ake ƙera shi. Shekaru biyun farko ba su nuna alamar komai ba: ya rabu da Shanxi, ya koma Foshan da ke kudu, ba su kai ko'ina ba. Sai a 2011 ya koma Beijing Ducks ta koci Min Lulei, ƙungiyar babban birni da ba ta taɓa cin kofin CBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Sin, ba.

Suka buɗe kakar da cin wasa 13 a jere. A jerin wasannin ƙarshe na 2012 suka haɗu da Guangdong, wadda ta riƙe kofin shekara huɗu a jere, suka doke ta da wasa 4 da 1, Marbury ya ci maki 41 a wasan da ya rufe gasar, yana ɗan shekara 35. Suka sake ɗauka a 2014 a kan Xinjiang, da 2015 a kan Liaoning, inda aka zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe yana da shekara 38. Mutum-mutumin da ka gani bayan kofin 2012 aka kafa shi. Daga baya aka buɗe ɗan gidan tarihi da sunansa, aka buga hotonsa a kan sarki, aka ba shi takardar zama ta dindindin, wadda ƙasar Sin ba ta cika bai wa baƙi ba.

To me ya canja? Na farko, tsarin gasar. A zamaninsa yawancin ƙungiyoyin CBA baƙi biyu kawai aka yarda su ɗauka, kuma an ƙayyade lokacin da za su kasance a fili tare. Saboda haka ana ɗauko baƙo ne don ya riƙe ƙwallo, ya ƙirƙiro ci, ya ɗauki nauyin mintunan ƙarshe. Abin da ake zargin sa da shi a NBA, a can shi ne aikin da aka ɗauke shi ya yi. Wannan kamar tela ne da ya ƙware a babbar riga aka ajiye shi a shagon ɗinkin kwat, ana ta ce masa bai iya ba, sai ranar da aka kai shi inda ake neman babbar riga.

Na biyu, shi ma ya canja, kuma ana gani a wasan. Ka nemi bidiyon wasannin ƙarshe na 2012 ko na 2015, ka bar kallon makin, ka kalli yadda yake wasa da Randolph Morris, dogon Ba'amurken da suka taɓa zama tare a Knicks. Morris zai fito ya tare masa mai gadinsa, Marbury ya zagaya ta jikinsa. Idan masu gadi biyu suka biyo shi, nan take yake sakin ƙwallon, ko ga Morris ko ga wani Basine da ke jira a kusurwa. Ƙafarsa ta rage gudu, amma idonsa ya ƙaru. Ka kuma lura da lokacin da aka tsayar da wasa, yadda yake jan matasan ƙungiyar gefe yana nuna musu inda za su tsaya. A New York ba a san shi da wannan ba.

Na uku, ya zauna. Baƙi da yawa suna zuwa Sin ne su yi watanni huɗu ko biyar tsakanin otal da fili, su karɓi kuɗinsu su tafi. Shi ya mai da Beijing gida, yana hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa tare da jama'a, yana zuwa kallon ƙwallon ƙafa ta ƙungiyar birnin, Beijing Guoan, sanye da rigarsu. Mutanen gari suna gane wanda ya zo ci-rani da wanda ya zo zama.

Idan raunin gasar ne kaɗai sirrin, da Steve Francis, wanda ya je wasan taurarin NBA sau uku, bai bar wannan Beijing Ducks ɗin bayan 'yan wasanni kaɗan a 2010 ba. Da Tracy McGrady, wanda sau biyu ya fi kowa maki a NBA, bai ƙare da ƙungiyarsa ta Qingdao a ƙasan teburi a kakar 2012 zuwa 2013 ba. Iverson ma, wanda aka zaɓa gaban Marbury a 1996, ya je Besiktas ta Turkiyya a 2010, bai gama kakar ba. Rauni da shekaru sun taka rawa a wasu daga cikinsu, amma darasin a fili yake: suna ba ya buga wasa.

Shin barin NBA faɗuwa ce?

NBA ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana da gurbi 15 na cikakken kwantiragi, wato kusan mutum 450, sai 'yan ƙarin gurabe na masu kai-komo tsakaninta da ƙaramar gasarta. Zaɓen kowace shekara zagaye biyu ne, kusan mutum 60, kuma yanzu da yawansu ba Amurkawa ba ne. Jami'o'in Amurka kuwa duk shekara suna yaye ƙwararru da suka ninka wannan adadi sau da yawa. Saboda haka ga mafi yawan Amurkawan da ke cin abinci da ƙwallon kwando, waje shi ne wurin aikin na asali, NBA ce keɓantacciya.

Masu fita ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya gama cin zamaninsa ya je ya ƙara wani, kamar Bob McAdoo, gwarzon NBA na 1975, wanda ya koma Milan ta Italiya ya ci kofin Turai a 1987 da 1988, ko Dominique Wilkins da ya ci shi da Panathinaikos ta Girka a 1996. Akwai wanda ya fita ya koyo sana'a ya dawo. P.J. Tucker shi ne misalin da na fi ba yarana: Toronto ta sallame shi a kakarsa ta farko, ya yi shekara biyar yana yawo tsakanin Isra'ila, Yukren, Girka, Italiya da Jamus, ya dawo NBA a 2012 ya zama mai tsaro da kowane koci ke so, ya ci kofi da Milwaukee a 2021. Akwai kuma mafi rinjaye, waɗanda ba za ka taɓa jin sunansu ba, shekara ɗaya a nan, shekara ɗaya a can.

Turai da Sin ma ba abu ɗaya suke nema ba. A manyan ƙungiyoyin Turai minti 40 ake bugawa, layin maki uku yana mita 6.75 maimakon 7.24 na NBA, kuma dogo yana iya tsayawa a ƙarƙashin kwando yana tsaro ba tare da an ƙirga masa daƙiƙa uku ba. Fili ya matse, koci ne sarki, ƙwallo dole ta zagaya. A ganina, da Marbury na 2010 Turai ya nufa, da wuya labarin ya ƙare haka. Wannan hukuncina ne na mai kallo da mai horarwa, wani kocin yana iya ganin akasin haka.

Rayuwar wajen tana da daɗinta: sau da yawa ƙungiya ce ke ba da gida da mota, kuma adadin da ke kwantiragi shi ne wanda ke shiga hannu bayan haraji. Tana da ɗacinta: baƙo shi ake fara sallama idan aka sha kashi sau biyu ko uku, ga jinkirin albashi a ƙananan ƙungiyoyi, har hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta kafa kotun sasanci musamman don irin wannan ƙara. Ga kaɗaici, ga harshe, ga iyali a nesa. Afirka ma ta shiga wannan kasuwa tun da NBA da FIBA suka fara gasar ƙungiyoyin Afirka mai suna BAL a Kigali a 2021, inda ƙungiyoyi irin su Rivers Hoopers ta Fatakwal suka ɗauko 'yan wasan da suka taso a Amurka. Ni aikina a filin wasa yake, ba a teburin kwantiragi ba, don haka idan kai ko wani naka ne ke tunanin fita, ku nemi wakili mai lasisin FIBA da lauya su karanta takardar kafin a sa hannu, musamman sashen da ya yi maganar sallama da rauni.

Kada kuma ka ɗauki Marbury a matsayin abin da aka saba gani. Ya je Sin da dukiyar da ya tara a NBA, ba yunwa ta kai shi ba, kuma ya faɗa a kan birnin da ke ƙishirwar kofi. Ko a can ɗin ma ba komai ya tafi sumul ba. A 2017 Ducks ta so ya ajiye wasa ya koma ɓangaren horarwa, shi kuma yana son ƙarin shekara ɗaya a fili, suka rabu. Ya buga kakarsa ta ƙarshe da ɗaya ƙungiyar ta Beijing, ya yi ritaya a Fabrairun 2018. A 2019 wannan ƙungiyar, mai suna Beijing Royal Fighters a lokacin, ta naɗa shi babban koci, ya kai ta zagayen fidda gwani a kakarsa ta farko, ya riƙe ta har 2023.